Madaki Auwa: Matar da ta hana Kano wargajewa, sarakuna 22 suka fito daga tsatsonta

A watan jiya wani yayana da ke tuƙin babbar mota tsakanin Beljiyam da arewacin Faransa ya turo hoto a zauren WhatsApp na fadarmu ta Tanut. Allon bakin hanya ne, an rubuta Chaussée Brunehaut a jikinsa. Ya ce ya gaji da cin karo da wannan suna a garuruwan da yake ratsawa, da ya tambaya sai aka ce masa sunan wata sarauniya ne da ta mutu sama da shekara 1,400 da suka wuce. Daga nan ya jefo mana tambaya: “To mu fa, ƙannena, ban da Amina da Sarauniya Mangu wa muke da ita?”

Musu ya kaure har bayan isha'i. Wani ya kawo Daurama. Wani ɗan Belbeji da ke karatu a Yamai ya turo wani rubutu na Facebook mai cewa an taɓa yin wata 'yar Askiya Muhammadu ta Songhai da ta mulki Kano. Wannan rubutun ne ya sa na koma ga littafin Tarihin Kano, kuma matar da na tarar a ciki ta fi wadda ake yaɗawa a intanet ban sha'awa, duk da cewa labarinta gaba ɗaya bai cika shafi guda ba.

Sunanta Auwa, wato Hauwa. Littafin yana kiran ta Madaki Auwa.

Matar mai kulle

Littafin Tarihin Kano da Larabci aka rubuta shi. Yana jero sarakuna tun daga Bagauda har zuwa Sarki Muhammadu Bello na ƙarshen ƙarni na 19. Baturen mulkin mallaka H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1908, sannan aka buga shi da Hausa a Zariya a farkon shekarun 1930 cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Shekarun miladiyya da za ka gani a nan an samo su ne ta hanyar lissafa tsawon mulkin kowane sarki a koma baya, don haka kusantawa ce kawai.

Wani abu da littafin ke yi wanda ba zai ba ɗan Damargu mamaki ba shi ne, kusan duk sarkin da ya ambata sai ya faɗi sunan uwarsa. Mu da muka tashi da Buzaye a kasuwa ɗaya mun san gidajen da ake lissafa dangi ta wajen uwa, kuma tanti na mace ne. A Kano sarauta ta wajen uba take bi, amma wanda ya rubuta tarihin ya san cewa a gidan da 'ya'yan sarki suka yi yawa, ɗakin da ka fito shi ne ke raba ka da ɗan'uwanka.

Mijin Auwa shi ne Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Shi ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa, ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya kafa majalisar Tara ta Kano, ya shigo da kakaki, ya fara ba babanni manyan muƙamai. A zamaninsa ne Shehu Al-Maghili ya taso daga Tuwat, ya biyo ta ƙasar Abzin ya iso Kano a farkon shekarun 1490, ya rubuta wa sarkin nasiha kan yadda ake riƙon mulki. Duk mai saukowa daga Abzin zuwa Kano, Damargu na tsakiyar tafiyarsa. Hanyar ce dai ta zama titin Damagaram zuwa Agadas da ya ratsa Tanut a yau.

A cikin abubuwan da littafin ya ce Rumfa ne ya fara su, akwai kulle. Ya kuma ce shi ne sarkin farko da ya tara mata dubu a gidansa. Ko da an ɗauki adadin a matsayin kambamawa irin ta maroƙa, abin da ake nufi a fili yake: fada ta cika da mata, an kuma rufe ƙofa. Daga cikin wannan rufaffen gida ne Auwa ta fito.

Ranar da sarki ba ya gari

Da Rumfa ya rasu, ɗanta Abdullahi ya gaje shi, daga 1499 zuwa 1509. A nan ne sunanta ya fara bayyana. Littafin ya nuna cewa maganarta na da nauyi ƙwarai a wajen masu mulkin zamanin, kuma ta gina gidanta na kanta wanda aka riƙa kira da sunanta.

Abdullahi mayaƙi ne. Ya gaji rikicin Katsina daga mahaifinsa, wanda ya shekara 11 yana fafatawa da Katsinawa ba wanda ya kayar da wani. Ya fita da runduna ya yi sansani na wata huɗu a kusa da Tsagero, daga can kuma ya juya ya nufi Zazzau. Sarki da mayaƙansa duk suna daji, birni ya zama fayau.

A cikin birnin kuwa akwai Dagaci. Asalin gidan nan wani ɗan sarautar Barno ne da ya yi hijira zuwa Kano a zamanin Sarki Dauda, tsakanin 1421 da 1438, ya zo da jama'a da malamai da tambura da tutoci. An karɓe shi hannu biyu, an ba shi wurin zama, gidansa ya yi dukiya da mabiya, har sunan ya zama sarauta. Bayan shekara sittin da wani abu, mai riƙe da wannan sarauta ya ga bango ya tsage. Ya fara shirin tawaye.

Da Abdullahi ya dawo, sai ya tarar da shirin ya yi nisa, kuma abu ɗaya ne ya hana gari kamawa da wuta: mahaifiyarsa. Littafin ya jingina wannan ga girman da take da shi a Kano. Bai ambaci takobi ko doki a hannunta ba.

Ka tsaya ka auna abin da wannan ke nufi. Dagaci ba ɗan tasha ba ne. Yana da mutane, yana da kuɗi, yana kuma da Barno a bayansa, daular da ta fi kowace ƙarfi a yankin a lokacin. Hujjar ita ce abin da ya biyo baya: Sarkin Barno da kansa ya taso da runduna ya sauka a kusa da Kano saboda wannan magana, sai da Abdullahi ya fita da malamansa ya ƙasƙantar da kai kafin ya juya. Bayan baƙon ya tafi ne Abdullahi ya lallaɓa Dagaci, ya tuɓe shi, ya naɗa bawansa a gurbin. Matar da ta iya daƙile irin wannan mutum har sarki ya dawo, dole tana da kunnuwa a cikin gari, tana da abin hannu da za ta ba wanda ya kamata, kuma manyan da aka bari tsaron gida suna jin maganarta. Wannan karatuna ne na abin da ya faru, amma ban ga wata hanyar da za a fahimce shi ba.

Ina dukiyar ta fito? Wata mai bincike Ba'amurkiya, Heidi Nast, ta yi shekaru tana nazarin Gidan Rumfa, ta fitar da littafi a 2005 kan sa-ɗakar fadar Kano. Abin da ta kafa hujja a kai shi ne, matan cikin gida ba zaman jiran sarki kawai suke yi ba: suna da hannu a tara hatsin haraji da adana shi da rabon sa, suna kuma da hannu a rinin baba tun kafin sana'ar ta koma ta maza. Wanda ya riƙe rumbu ya riƙe gari, wannan ba sai an koya wa manomin Damargu ba. Shi kuwa baƙin turkuɗin Kano, ayari ya yi ɗaruruwan shekaru yana ɗauko shi ta ƙasarmu zuwa Abzin, har Heinrich Barth ya tarar da hanyar tana ci lokacin da ya sauka Damargu a Janairun 1851.

'Yar Askiya ce?

Mu dawo kan rubutun Facebook. Maganar cewa Auwa 'yar Askiya Muhammadu ce tana yawo sosai, kuma tana da daɗin ji, musamman a wajenmu 'yan Nijar da muke son ganin igiyar da ta haɗa Gao da Kano. Amma Tarihin Kano bai kira ta 'yar Songhai ba, bai ma ambaci wani yaƙin Askiya da Kano ba.

Tushen maganar wani matafiyi ne, Alhasan Al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus. A littafinsa da aka buga a birnin Venice a 1550 ya ce Askiya ya yi wa Kano ƙawanya, ya tilasta wa sarkinta auren ɗaya daga cikin 'ya'yansa mata da biyan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shiga. Bai faɗi sunan yarinyar ba. Daga baya ne wasu suka ɗauki wannan amarya marar suna suka liƙa wa Auwa.

Lissafi bai yarda ba. Askiya ya hau mulki a 1493. Shekara shida bayan haka ɗan Auwa ya zama sarki, babban mutum mai jagorantar runduna. Yaƙe-yaƙen Askiya a wannan ɓangare, kamar yadda littattafan Timbuktu suka kawo, sun faɗo ne wajen 1500 a kan Agadas, sai Katsina wajen 1514, sai Agadas kuma bayan nan. Idan har an yi auren da Leo ya faɗa a wancan zagaye na biyu, to angon jikan Auwa ne, ita kuwa tana zaune a matsayin kakar miji. Akwai ma masana irin su Humphrey Fisher da suka yi shakkar cewa an taɓa yin wannan mamaya gaba ɗaya.

Abin da ke damuna da wannan labari ba kuskuren shekaru ba ne kaɗai. Kamar ba mu iya yarda mace ta yi ƙarfi sai mun nemo mata babban uba daga wata ƙasa.

Kaka, uwa da ɗan'uwan kaka

Bayan Abdullahi, ɗansa Muhammadu Kisoke ya hau a 1509, ya daɗe har zuwa 1565. Zamaninsa na daga cikin lokutan da Kano ta fi ƙarfi. Ya kai yaƙi Nguru, ya tsaya wa Barno ido da ido inda mahaifinsa ya durƙusa, malamai kuma suka yi ta shigowa da manyan littattafai irin su Mudawwana.

Littafin ya faɗi mutum uku da Kisoke ya riƙe gari tare da su: mahaifiyarsa Iya Lamis, kakarsa Madaki Auwa, da Guli, ɗan'uwan Auwa. Biyu mata ne, na ukun kuma ta ɗakin mace ya shigo. Ita ma Lamis ta gina gida ta kafa kasuwa. Wani ɗanta mai suna Dabkare shi ne Ɗan Iya, kuma saboda shi Kisoke ya fitar da Barde daga Tara ta Kano ya sa shi a gurbin. Sarautar Ɗan Iya tana nan a Kano har gobe, sunanta kaɗai ya isa ya gaya maka ta inda ta samo asali.

Kalmar Madaki ma tana da magana. A yau Madakin Kano namiji ne, ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki. Masana da dama suna karanta laƙabin Auwa a matsayin Maiɗaki, wato abin da fadar Kano ke kira Mai Babban Ɗaki, mahaifiyar sarki. Wannan kujera ba ta mutu ba. Hajiya Maryam Ado Bayero, 'yar gidan sarautar Ilori da ta rasu a Masar a Afrilun 2021, da wannan suna aka san ta, kuma ta ga 'ya'yanta biyu a kan karaga a 2020, Aminu a Kano, Nasiru a Bichi. Maƙwabta ma suna da irin tasu: Magira a Barno, Magajiya a Daura, Inna a Gobir ta Tsibiri, Iya a Katsinar Maraɗi.

Sarauniyar allon hanya

A nan ne matar da yayana ya gani a allo take shigowa, don rayuwarta ta yi kama da ta Auwa ta wani gefe, ta kuma saɓa mata ta wani.

Brunehaut, ko Brunhilda, 'yar Sarki Athanagild ce na Sifaniya. Wajen 567 aka kai ta aure gidan Sigebert, ɗaya daga cikin sarakunan Farankawa, mutanen da Faransa ta samo sunanta daga gare su. Yayarta Galswintha ta auri ɗan'uwan mijinta, Chilperic, ba a daɗe ba aka tarar da ita a shaƙe a kan gado, Chilperic kuma ya auri ƙwarƙwararsa Fredegund. Gabar da ta tashi daga nan ta ci gidan fiye da shekara 40. An kashe Sigebert a 575, ɗansu Childebert yana ɗan shekara biyar. Brunhilda ta tsaya masa har ya girma. Da ya mutu wajen 595 ta tsaya wa jikokinta biyu, waɗanda daga baya suka yaƙi juna. Ta yi musayar wasiƙu da Paparoma Gregory, ta gina coci-coci da gidajen ibada.

A 613 ta so ta ɗora tattaɓa-kunnenta, sai manyan ƙasa suka juya mata baya suka miƙa ta ga Chlothar na Biyu, ɗan Fredegund. Tana da kimanin shekara 70. Aka azabtar da ita kwana uku, aka ɗora ta a kan raƙumi aka zagaya da ita gaban sojoji don wulaƙanci (raƙumi, a Faransa!), sannan aka ɗaure ta a jikin dokin da ba a hore ba. Hanyoyin da ke ɗauke da sunanta kuwa tsofaffin hanyoyin Rumawa ne da suka girme ta, mutanen baya ne suka jingina mata su.

Dukansu biyu sun riƙe mulki ta hannun ɗa da jika, a gidajen da mace ba ta hawa karaga. Brunhilda ta samu marubuta a zamaninta, irin su Gregory na Tours, masoya da maƙiya, shi ya sa ake da labarinta dalla-dalla. Auwa ta samu 'yan layuka da aka rubuta ɗaruruwan shekaru bayanta.

Kwana 40

Kada a ɗauka gidan Auwa ya ƙare lafiya. Ƙarfin da ta tara bai tsaya a hannunta ba, ya gangara zuwa ga Guli, wanda ya kai matsayin da babu mai ja da shi a ƙasar Kano.

Da Kisoke ya rasu a 1565 aka naɗa ɗansa Yakufu. Wata huɗu da 'yan kwanaki, Guli ya tuɓe shi. Galadiman Kano ya ce ba za ta saɓu ba. Aka yi kwana 40 ana gwabzawa a cikin birni, irin yaƙin da Auwa ta hana a zamanin Dagaci, wannan karon kuma ɗan'uwanta ne ya kunna shi. Galadima ya yi nasara, ya kashe Guli, ya ce Yakufu ya dawo. Yakufu ya ƙi, ya zaɓi zama cikin malamai. Aka naɗa ɗansa Dauda Abasama, shi ma bai cika wata biyu ba aka sauke shi.

Wanda aka ɗauko daga ƙarshe shi ne Abubakar Kado, ɗan Rumfa, uwa ɗaya uba ɗaya da Abdullahi. Wato ɗan Auwa na biyu. Mahaifinsa ya rasu shekara 66 kafin nan, ka ga ke nan dattijo ne tukuf aka naɗa. Ya fi karkata ga karatu da ibada, shi ya sa 'ya'yan sarki karatun Alƙur'ani. A zamaninsa Katsinawa suka yi ta cin ƙasar Kano har suka iso bakin ganuwa. Bayan shekara bakwai shi ma aka tuɓe shi.

Ina ganin dalilin da ya sa ba a jin sunan Auwa yana da alaƙa da irin matan da muke son tunawa. Amina ta Zazzau tana da gunki, tana da makarantu da ɗakin kwanan ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello, tana da fim. Sarauniya Mangu, wadda ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a Lugu a 1899, ta samu littafin Abdoulaye Mamani a 1980 da fim ɗin Med Hondo a 1986. Sun cancanta. Amma dukansu da makami a hannu muke zana su. Aikin da aka rubuta wa Auwa shi ne yaƙin da ba a yi ba, wannan kuwa mai zane ba ya samun abin zanawa a cikinsa.

Da na gama karatun na zauna da biro na bi sarakunan ɗaya bayan ɗaya, ina duba uban kowa. Bayan Kado sarauta ta koma wa Shashere ɗan Yakufu, sai Muhammadu Zaki ɗan Kisoke, sai ɗansa Nazaki, sai Kutumbi ɗan Nazaki, wanda duk sarakunan Haɓe da suka biyo baya zuriyarsa ne. Daga Abdullahi a 1499 har zuwa Muhammadu Alwali, wanda mayaƙan jihadi suka kora daga birni aka kuma kashe shi a Burum-Burum wajen 1807, na ƙirga mutum 22. Babu ko ɗaya a cikinsu da bai fito daga ɗakin Auwa ba.

Na tura wa yayana lissafin a zauren. Ya amsa da muryar saƙo daga wani wurin hutawar direbobi, ana jin ƙarar motoci a bayansa. Ya ce in ya zo hutun Babbar Sallah zai bi ta Kano kafin ya wuce gida, in shirya in raka shi Gidan Makama.